Amanar Abin da Ido Ba Ya Gani

Kowa ya san aikin dubagari. Da sassafe ya kan bi mahauta ya duba naman da aka yanka, in ya tarad da mai cuta ya sa a binne, ko da sarkin fawa zai ɓata rai. Amma ko ran da dubagari bai fito ba, mai cefane ba ya rasa dabara. Yana da ido, yana da hanci. In nama ya canza launi ya gani, in ya yi ɗoyi ya ji, ya wuce gaba da kuɗinsa. Haka rijiya in ta ɓaci, haka gini in ya tsage. Yawancin haɗarin da kakanninmu suka sani, Allah ya yi masa alama, kuma ya ba talaka abin gane alamar nan ba tare da ya tambayi kowa ba.

To, yaya ke nan in aka sami dafi wanda ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ƙara, ba ya zafi sa'ad da ya ke shiga jiki? Wa zai tsare mutum daga gare shi, kuma in ya yi ɓarna wa za a kama?

Irin wannan dafi akwai shi. Waɗansu ma'adinai, kamar yuraniyam da a ke haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar, suna fid da wani ƙarfi daga jikinsu dare da rana, ba wanda ya kunna su, ba kuwa mai iya kashe su. Masana na kiran ƙarfin nan tururin nukiliya, ko da ya ke ba irin tururin tukunya ba ne, gama ba a ganinsa, yana kuwa ratsa tufa da fata da tsoka kamar yadda hasken rana ke ratsa gilashi. Kaɗan daga cikinsa ba ya kashe mutum. Mai yawa kuwa ya kan lalata ɓargo inda jini ke samuwa, ya ƙona hanji, ya zub da gashi, ko kuma ya kwanta shiru shekaru kāna ya fito da ciwon daji. Ba a gane yana wuri sai da na'urar awo. Amma kada a ce abin tsiya ne ɗungum. Da irinsa likita ke ɗaukar hoton ƙashin da ya karye, da shi a ke ƙone ciwon daji, da shi masu haƙar mai ke duba cikin rijiyoyinsu, da shi kuma waɗansu ƙasashe ke samun lantarki. Wuta ce, sai dai wutar da ba ta da harshe.

Ga labarin abin da ya faru a wani birni mai suna Goyaniya, a tsakiyar ƙasar Barazil, cikin shekarar 1987.

Akwai wani asibitin masu ciwon daji na waɗansu likitoci masu zaman kansu. A 1985 suka ƙaura zuwa sabon wuri, suka bar wata tsohuwar na'ura a tsohon gini, ana kuwa shari'a a kan ginin. Cikin na'urar akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe, a cikinsa akwai garin wani abu da a ke kira siziyam, giram 93, watau abin da bai fi cikin tafin hannu ba. Gini ya zama kango, ƙofofi da tagogi suka tafi. Ran 13 ga Satumba 1987 waɗansu mutum biyu masu neman tsofaffin ƙarafa suka shiga, suka kwance kan na'urar, suka ɗora a baro suka kai gida. Tun daren nan suka fara amai. Ɗayansu ya je wurin likita da zawo da jiri da kumburin hannu, aka ce masa wani abu ne ya ci. Ɗayan kuwa ya ci gaba da fama da ƙarfen har ya huda gwangwanin. Ran 18 ga wata aka sayar wa wani mai sayen kayan gwangwan.

Da dare mai sayen nan ya shiga rumfarsa, sai ya ga abin yana wani irin haske shuɗi cikin duhu. Ya ɗauka wani dutse ne mai daraja, ko kuwa wani abin al'ajabi. Ya shigo da shi cikin gida, ya kira 'yan'uwa da abokai su zo su gani. Kwana uku ana ta zuwa kallo. Ya ɓantari ƙwayoyi kamar na shinkafa ya rarraba wa waɗanda ya ke ƙauna, waɗansu har suka shafa a jiki don su yi ƙyalli. Ɗan'uwansa ya kai nasa rabo gida ya zuba a ƙasa, 'yarsa mai shekara 6 ta yi wasa da shi, sa'an nan ta ci abinci da hannun. Mai karatu ya tsaya a nan ya duba: mutumin nan bai yi rowa ba. Alheri ya yi niyya, kuma gwargwadon kusancin mutum da shi, gwargwadon dafin da ya samu.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ga duk wanda ya taɓa abin nan ya kwanta, ita ma kanta ba ta da lafiya. Ba ta yi karatun wannan ilmi ba, ba ta san sunan abin ba, amma ta yi hankali. Ran 28 ga Satumba ta sa aka zuba shi cikin jaka, ta hau motar haya da wani yaron mijinta, ta kai ofishin ma'aikatan lafiya ta ajiye a kan tebur, ta ce abin nan yana kashe mata iyali. Kashegari aka sami wani masani ya aro na'urar awo. Tun yana nesa da ofishin allurar na'urar ta buge ƙarshe, har ya zaci ta lalace, ya koma ya ɗauko wata. Da ya dawo ya tarad da 'yan kwana-kwana suna shawarar jefa jakar a kogi, ya hana su.

Aka tara mutane a filin ƙwallo ana aunawa, har mutum wajen 112,000. Aka sami 249 da abin ya taɓa. Mutum huɗu suka mutu cikin watan Oktoba: matar nan, da yarinyar, da samari biyu masu aiki a rumfar gwangwan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanto ƙarfen aka yanke masa hannu. Aka rushe gidaje bakwai, aka kankare ƙasar waɗansu unguwanni.

Laifin wa? Mai saurin hukunci zai ce na mutum biyun nan ne, gama sun ɗauki abin da ba nasu ba. Ba mu wanke su ba. Amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ajiye tsohon ƙarfe a kango cikin birnin da matalauta ke ci da tsintar ƙarfe, ya san za a ɗauka. Hukuncin satar ƙarfe kuwa ba yanke hannu da mutuwar maƙwabta ba ne. Laifin mutum yana tafiya da gwargwadon saninsa. Su sun san sun ɗauki ƙarfe, ba su san sun ɗauki ajali ba, ba su kuwa da hanyar sani. Waɗanda suka sani su ne likitocin da suka bar shi, da hukumar da ta ba su lasin tun farko. Kotu ta kama likitocin da laifin sakaci, daga baya kuma wata kotu ta ɗora wa hukumar nukiliya ta ƙasar biyan diyya. Abin da ya fi ba ni tsoro cikin labarin shi ne, ba a sami mugu ko ɗaya ba. Aikin tsaron ya rabu ne tsakanin masu asibiti, da masu gini, da hukumar lasin, da ma'aikatar lafiya, kowa yana tsammanin wani ne ke dubawa, shekara biyu ba wanda ya ɗauke gwangwanin nan.

A ganina, daga nan ne haƙƙin gwamnati ya samo asali. A sauran al'amura mutum na iya cewa a bar shi da 'yancinsa, in ya sayi ruɓaɓɓen nama shi ya jiwo. A wannan al'amari kuwa maganar ba ta da wurin zama, domin ba a cewa mutum ya zaɓi abin da ba shi da ikon ganewa. Makaho in ya faɗa rijiya, ba a tambayarsa don me bai kauce ba, ɗan jagora a ke tambaya. A gaban tururin nukiliya kuwa dukanmu makafi ne, har alƙali, har sarki, har likitan da ya ce wa mutumin nan abinci ne ya ɓata masa ciki. Mai na'ura kaɗai ke gani. Ƙasar da ta yarda a shigo da irin wannan abu don amfanin jama'a, ta ɗauki wa kanta zama idon jama'a: ta rubuta kowane gwangwani a littafi, ta san inda ya ke da hannun wanda ya ke, ta aika a duba shi a kai a kai, ta kuma san ranar da ya tsufa da inda za a kai shi. Aikin ba shi da armashi. Malami ne da rajista da na'ura, yana yawo yana damun mutane da tambaya, in kuwa ya yi aikinsa daidai ba wanda zai san ya yi komi, gama abin da ya hana bai faru ba balle a gode masa.

Akwai kuma haƙƙin sanarwa. Alamar da aka saba sa wa waɗannan kaya ita ce fukafukai uku kewaye da ɗigo, kamar na fanka, a kan launin rawaya. Masana sun san ma'anarta, amma da aka bincika sai aka ga mutane da yawa ba su ɗauke ta alamar haɗari ba. Saboda haka a 2007 hukumar nukiliya ta duniya, wadda aka kafa a 1957 mai zama a Biyana, ta fito da ƙarin alama: jan zane mai kusurwa uku, da ƙoƙon kan mutum, da hoton mutum yana gudu. Shekara da shekaru ana rubuta gargaɗi da harshen da sai wanda ba ya bukatar gargaɗin ke iya karantawa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun nan a jikin wani ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, kada ya taɓa, kada ya fasa, ya nisanta ya gaya wa hukuma.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko wuya. Mun ce gwamnati ta tsare mu. To, wa zai tsare mai tsaro?

Da fari yawancin ƙasashe hukuma guda suka kafa, suka ba ta aiki biyu: ta yaɗa sana'ar nukiliya, ta kuma duba lafiyarta. Hujjarsu ba ta banza ba ce, gama masanan kaɗan ne, in ka raba su gida biyu kowane gida ya rasa. Amma a duba yadda zuciyar ɗan Adam ta ke. In aka naɗa sarkin fawa shi ne kuma dubagari, ba sai ya zama maƙaryaci ba kafin ruɓaɓɓen nama ya shiga kasuwa. Ya isa kurum ya riƙa ganin kowane nama da sauran kyau. Amurka ta gane haka, a 1974 ta yi dokar rushe tsohuwar hukumarta, ta ware aikin tsaro ta ba wata sabuwa wadda ta fara aiki a 1975. Japan ba ta yi ba sai da ta sha wuya. Hukumar tsaronta tana ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu, watau ma'aikatar da ke son sana'ar ta bunƙasa, manyan ma'aikata kuwa in sun bar aikin gwamnati su kan sami kujera a kamfanonin lantarki. A 2008 masu lissafin kamfanin da ke da tashar Fukushima suka ga igiyar teku mai tsawon fiye da mita 15 tana iya zuwa, ba a ɗaga katanga ba. Ran 11 ga Maris 2011 igiyar ta zo. Kwamitin da majalisar ƙasar ta naɗa ya ce a 2012 masifar aikin mutane ce, ya ambaci haɗin baki tsakanin gwamnati da masu dubawa da kamfani. Cikin Satumba na shekarar aka kafa sabuwar hukuma a wata ma'aikata dabam. Barazil kanta sai a 2021 ta yi dokar raba aikin biyu. A Nijeriya dokar 1995 ce ta kafa hukumar tsaron nukiliya, ta fara aiki a 2001, ita ce kuma ke ba da lasin na na'urorin asibiti, da na kamfanonin mai, da na ɗan ƙaramin injin nukiliya na bincike da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004.

Raba ofis fa ba shi ne ƙarshen magana ba. Mai dubawa in albashinsa bai isa ba, ko ba shi da motar zuwa, ko ya san in ya rufe wurin wani babba za a canza masa wurin aiki, sunan 'yanci kurum gare shi. Wanda aka ɗora wa cewa a'a, wajibi ne a ba shi abin da zai tsaya a kai sa'ad da ya faɗe ta.

Yanzu sai batun ɓoyo. In ɓarna ta auku, ya kamata hukuma ta faɗi gaskiya duka nan da nan, ko kuwa ta sassauta don kada jama'a su firgita? Kada mu yi gaggawar raina masu cewa a sassauta, gama tsoro shi ma yana kisa. A Goyaniya, ran da za a binne yarinyar nan cikin akwatin darma, taron mutane suka tare hanyar maƙabarta da duwatsu, suna tsoron gawarta za ta ɓata musu ƙasa. Aka riƙa hana mutanen jihar masauki a waɗansu garuruwa, aka ƙi sayen kayansu. A Fukushima mutum fiye da 2,000, yawancinsu tsofaffi da marasa lafiya, sun mutu saboda wahalar ƙaura da zaman gudun hijira. Mai mulkin da ya ga wannan ya ce bari in yi shiru tukuna, ba lalle mugu ba ne.

Duk da haka ban yarda da shi ba, ga kuwa dalili. A Oktoba 1957 wuta ta kama a tashar Winskel ta Ingila. Gwamnatin Harold Macmillan ta ɓoye cikakken rahoton bincike, ba a sake shi ba sai 1988, domin tana tsoron Amurka za ta ƙi haɗa kai da ita kan sirrin makamai. Amma abu ɗaya ta yi daidai: ta hana shan madarar shanun da ke kiwo a kewayen wurin, wajen murabba'in mil 200, aka yi ta zubarwa. A Carnobil kuwa, cikin Tarayyar Sobiyet, tashar ta fashe ran 26 ga Afrilu 1986, ba a kwashe mutanen garin da ke kusa ba sai kashegari da rana, duniya kuma ba ta ji ba sai ran 28 ga wata, bayan na'urorin Suwidin sun tona asiri. Ƙauyawa suka ci gaba da ba 'ya'yansu madara. Kafin 2005 an ƙidaya fiye da mutum 6,000 masu ciwon daji na maƙogwaro cikin waɗanda ke yara a lokacin. Uwa ba ta bukatar sanin sirrin injin, amma tana da haƙƙin a gaya mata kada ta ba ɗanta nonon nan. Wanda ya hana ta wannan labari ya ƙwace mata abu ɗaya tak da za ta iya yi da hannunta. Har wa yau, in aka bincika, ɓoyon da a ke cewa don jama'a a ke yi, sau da yawa don mutuncin masu mulki ne. Tsoron da ya sa aka jefi akwatin yarinya ma, daga ina ya fito? Daga mutanen da ba a taɓa yi wa bayani ba, waɗanda ba su da dalilin gaskata hukumar da ta bar abin a kango. Hukumar da aka kama da ƙarya sau ɗaya, ran da ta ce ku kwantar da hankali babu komi, ba mai saurarenta, ko da ran nan gaskiya ta faɗa.

Akwai kuma inda gwamnati ita ce mai ɓarnar da gangan, mutanen da abin zai shafa kuwa ba nata ba ne. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggan, cikin Saharar Aljeriya, ta ci gaba har gwaji 17 zuwa 1966. Mu da hunturu ke kawo wa ƙura daga arewa ba mu bukatar a gaya mana iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Bayan gwaji na uku, cikin Janairu 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Ikko. Makiyayan da ke zaune kusa da wurin kuwa ba su da jakadan da za su kora, ba kuwa wanda ya nemi yardarsu.

Saura waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ƙasa da tufafi da buraguzan gidajen da aka kwashe daga Goyaniya sun kai wajen mita 3,500 na awon ɗaki, duk daga abin da bai cika tafin hannu ba. An rufe su cikin kankare a wani wuri da a ke kira Abadiya, kusa da birnin. Siziyam ya kan rage rabin ƙarfinsa ne cikin shekara 30. Watau a 2017 rabi ya tafi, rabi na nan, a 2047 kuwa za a sami rubu'i. Kafin ya koma kashi ɗaya cikin dubu sai an yi wajen shekara 300. Waɗanda suka sha magani da na'urar nan tuni suka tsufa ko suka rasu, amma jikokin jikokinsu za su biya albashin mai gadi, su gyara shinge, su sabunta allon gargaɗi da harshen da mutanen zamaninsu ke ji, su kuma riƙe rajistar da za ta gaya musu abin da ke ƙarƙashin tudun nan, don kada wata rana wani mai neman ƙarfe ya zo da baronsa ya haƙa.